Tukunya ɗaya muke ci, ni kaɗai nake ƙiba: wai ƙwayoyin ciki ne?

Maman Sadiq:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Don Allah masu ilimin lafiya a cikinmu ku fitar da ni daga duhu. Ni da abokiyar zamana yau shekara tara tukunya ɗaya muke ci. Ranar girkinta in ci nata, ranar girkina ta ci nawa. Wallahi ta fi ni ci, don tana iya tashi da masa goma ta kora da kunu, amma har gobe kamar sillen kara take. Ni kuwa ko ruwa na sha sai ya zauna min. Da aka kawo ni gidan nan kilo 58 nake, makon jiya na hau sikeli a asibiti na ga 91. Gwiwa ta fara ciwo, in na hau benen shagonmu a Wunti sai na tsaya na mayar da numfashi. Jiya wata ta turo min bidiyo wai akwai wasu ƙwayoyi a cikin mutum su ke sa ƙiba, wai in aka sha wani magani na kwana bakwai zai wanke su tas, teɓa ta zube. Kafin in ba da kuɗina na ce bari in tambaya.

Babangida:
Wa'alaikumus salam. Anti riƙe kuɗinki. Babu wata ƙwaya sai ƙwayar shinkafa. Abin da ya shiga ta baki shi ke fitowa a tumbi.

Maman Sadiq:
Babangida a gabana aka yi maka kaciya, ka kiyaye ni. Ka karanta abin da na rubuta kuwa? Na ce ta FI ni ci.

Auwal:
Anti Maman Sadiq, maganar tana da tushe, sai dai mai bidiyon ya ɗauki 'yar ƙaramar gaskiya ya naɗa mata ƙaton rawani. Ƙwayoyin suna nan, bakteriya ake ce musu, kuma babu wanda ba shi da su, mai ƙiba da siriri. Lissafin da masana suka fitar a 2016 ya nuna babban mutum yana ɗauke da wajen tiriliyan 38, amma don ƙanƙanta in aka tara su duka ba za su wuce giram 200 ba. Yawancinsu ma ba a tumbi suke ba, don ruwan tsamin da ke tumbi yana kashe su. A babban hanji suka yi sansani. Aikinsu shi ne abin da cikinmu ya kasa narkarwa, kamar dusar hatsi da ɓawon wake da zaren ganye, in ya gangaro sai su tsimar da shi su fitar da wasu sinadarai da bangon hanji ke rayuwa a kansu. Har bitamin K suna yi mana. Don haka mai cewa zai wanke miki su tas, ko dai ƙarya yake yi, ko kuma in da gaske zai iya, to cutar da ke zai yi.

Goggo Talatu:
Auwalu, ba su ne tsutsar ciki ba?

Auwal:
A'a Goggo. Tsutsa ana ganin ta da ido, kuma cuta ce, ana shan magani a kashe ta. Waɗannan sai da madubin ɗakin gwaji, kuma yawancinsu 'yan gida ne, tun ranar haihuwa jariri ke fara samun su daga jikin uwarsa da nononta.

Babangida:
To mun ji suna nan. Ina ruwansu da teɓa?

Auwal:
Ga inda maganar ta samo asali. Akwai wani masani a Amurka, Jeffrey Gordon, a Jami'ar Washington da ke birnin Sent Luwis. Suna kiwon ɓeraye a cikin akwatin da ko ƙwayar bakteriya ɗaya ba ta shiga, tun daga haihuwa. A 2004 suka ɗebi bakteriyar hanjin ɓera na yau da kullum suka sa wa irin waɗannan ɓerayen. Cikin kwana 14 kitsen jikinsu ya ƙaru da kashi 60 cikin 100, alhali abincin da suke ci raguwa ma ya yi. Babangida ka lura, sun rage ci, kitse ya ƙaru.

Wanda ya fi ba ni mamaki shi ne na 2013. Suka nemo mata tagwaye har kashi huɗu, a kowane kashi ɗaya mai ƙiba ce ɗaya siririya. Suka ɗebi bakteriyar hanjin kowacce suka sa wa ɓeraye, abinci iri ɗaya. Ɓerayen da suka samu ta Hassana mai ƙiba suka tara kitse, waɗanda suka samu ta Usaina siririya suka tsaya yadda suke.

Maman Sadiq:
Allahu Akbar! Ka ji ko Babangida? Ni da ita ke nan.

Babangida:
Anti ke ɓera ce? Auwal ka faɗi gaskiya, an gwada a mutane?

Auwal:
An gwada, kuma a nan dole in ba ka gaskiyarka. A Niyu Zilan an yi wa matasa 87 masu ƙiba gwaji, aka ba wasunsu kafso mai ɗauke da bakteriyar siraran mutane, wasu aka ba su kafson da babu komai a ciki. Sakamakon da ya fito a 2020 ya nuna nauyinsu bai bambanta ba. A Holan ma an yi wa maza masu ƙiba a 2012, jikinsu ya ɗan fi karɓar insulin, sinadarin da ke daidaita sukarin jini, bayan mako shida, amma ƙiba tana nan daram. Akwai kuma wata magana da aka yi ta yayatawa tun 2006, cewa masu ƙiba sun fi yawan wani rukunin bakteriya, sirara sun fi yawan wani rukunin. Da aka haɗa bincike da yawa aka sake dubawa a 2016, sai aka ga lissafin bai tsaya ba. Amma masu tallan magani har yau da shi suke cin kasuwa.

Goggo Talatu:
Tsaya Auwalu. Bakteriyar siraran mutanen nan da ake sawa a kafso, daga ina ake ɗebo ta?

Auwal:
Goggo ki yi min afuwa. Daga bayan gida.

Goggo Talatu:
A'uzu billahi! Na tashi daga kan tabarmar nan. Gara in mutu da teɓata.

Babangida:
Anti Maman Sadiq, ga maganinki a gida ashe, sai ki roƙi amarya.

Sista Rabi:
Babangida ka bari. Kuma kada wani ya ɗauka wasa ne ya gwada. A asibitocin da ake yin sa a waje, don wata muguwar gudawa ake yi wadda ta ƙi jin magani, bayan an tace an gwada jinin mai bayarwa. Ba maganin ƙiba ba ne.

Malam Ɗanjuma mai kaji:
Salamu alaikum. Ni ban yi karatun likita ba amma shekarata 14 ina kiwon kaji a hanyar Gombe, wajen Inkil. Abin da Auwal ke faɗa mu mun gan shi da ido. In ka ɗauko 'yan tsaki ka riƙa zuba musu ɗan antibayotik a ruwa, ba don suna ciwo ba, za ka ga sun fi 'yan uwansu saurin nauyi da buhun abinci iri ɗaya. Duk mai kiwo ya san wannan. Ni da na ɗauka maganin ne ke da maiƙo ko wani bitamin a ciki. Ashe ƙwayoyin hanjinsu yake taɓawa?

Auwal:
Malam ka taɓo inda nake so. Tun ƙarshen shekarun 1940 Turawa suka gano haka, suka yi shekaru suna zuba wa kaji da aladu da shanu. Suwidin ta hana a 1986, Tarayyar Turai ta hana gaba ɗaya a 2006, saboda yana sa cututtuka su daina jin magani. Kuma masana na ganin ta hanyar ƙwayoyin hanji ne yake aiki, don kajin da aka rena babu bakteriya a jikinsu, maganin ba ya ƙara musu girma. Tambayar da ta biyo baya ita ce, to yaranmu fa? A Ingila an bi yara sama da 11,000, aka ga waɗanda aka ba antibayotik kafin su cika wata shida sun ɗan fi saura nauyi daga baya. Bambancin kaɗan ne, kuma ba a tabbatar maganin ne sanadi ba, amma in ka haɗa da labarin kajin Malam sai jikinka ya yi sanyi.

Sista Rabi:
Ni wannan shi ke ci min tuwo a ƙwarya. Yaro ya yi mura, uwa ta aika kemis a haɗo mata magani. Haƙori zai fito, a ɗura masa Flagyl. Babba ya ci wake cikinsa ya yi ƙugi, ya haɗiyi kafso ja da yalo guda biyu ya ce ya wanke dattin ciki. Mura ba ta jin antibayotik ko kusa, ba bakteriya ke kawo ta ba. In likita ya rubuta don ciwon da ke buƙata, a sha a cika kwanakin, yana ceton rai. Amma wannan sha-barkatai ɗin, kowane zagaye sai ya share na kirki da na banza, wasu na kirkin sai an yi watanni ba su dawo ba.

Amma Anti, bari in dawo kanki, don kada mu tafi Amurka mu bar ki a Wunti. Haihuwarki nawa a shekara taran nan? Kina allurar tazara? Kin taɓa shan sha-ka-fashe? Kuma daga safe zuwa yamma a shago me ke shiga bakinki ban da abincin gida?

Maman Sadiq:
Haihuwa huɗu. Allurar wata uku na yi ta shekara biyu bayan Sadiq. Sha-ka-fashe kuwa, tunda an zo faɗin gaskiya, na sha kafin bikina, wata biyu, don dangin miji kada su ce an kawo musu ƙashi. A shago ba na cin komai fa. Sai dai lemo, saboda zafi. Roba biyu, wata rana uku. Sai cincin in yara sun kawo talla.

Sista Rabi:
"Ba na cin komai." Anti! Robar lemo mai rabin lita tana iya ɗaukar sukari wajen giram 50, kusan cokalin shayi 12. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kada abin da babba zai sha na sukari a yini ɗungurungum ya wuce kimanin haka, in da hali ma rabinsa. Ke kina ninkawa biyu zuwa uku, kina zaune kan keken ɗinki. Ga haihuwa huɗu, kowacce tana barin nata. Allurar wata uku ma an san tana ƙara wa wasu mata nauyi. Shi kuwa sha-ka-fashe, yawanci dexamethasone ne ake haɗawa da maganin buɗe ciki. Ba lafiya yake ƙarawa ba, kumbura fuska yake yi ya tara kitse a ciki da ƙeya, ya jawo hawan jini da ciwon sukari, ya cinye ƙashi. Na ga yarinya 'yar shekara 19 da aka kawo mana fuska kamar faranti, cinya duk ta tsage da jan zane, sukarinta ya haura sama. Biki saura mako uku.

Ku tukunyar dare ce kawai ɗaya.

Anti Zee:
Ni dai ina sayar da shayin rage teɓa kuma ba na jin kunyar faɗa. Na gargajiya ne zalla, babu sinadarin Bature. Ina da kwastoma a Fadaman Mada da ta sauke kilo huɗu a mako ɗaya, ta hau sikeli a gabana. Ku 'yan boko komai ba ku yarda da shi ba sai an ce ɓeran Amurka ya sha.

Sista Rabi:
Zee, tsakaninki da Allah, masu sha ba sa zarya bayi?

Anti Zee:
Ai dattin ne ke fita.

Sista Rabi:
Ruwan jikinsu ne ke fita. Na tabbata akwai filasko a ciki ko ɗan uwansa. Kilo huɗun nan ruwa ne da abin da ke hanji, ta sha ruwa kwana uku ya dawo. Kitse ba ya fita ta bayan gida. In aka daɗe ana sha, gishirin jiki ya zube, hanji ya saba sai da shi zai motsa, mai ciwon ƙoda kuwa sai dai addu'a. Ki kira kwastomar taki ta sake hawa sikelin yau mu gani.

Anti Zee:
Allah ya ba kowa sa'ar sana'arsa. Na yi shiru.

Goggo Talatu:
Na dawo, na kasa haƙuri. Ni abin da nake gani, cimarmu ce ta canza. Muna yara a Dass, gero da dawa a turmi ake surfawa. Ka yayyafa ruwa, ka daka sama-sama, ka sheƙe a faifai, kuma duk ƙoƙarinka sai dusa ta rage a jiki. Tuwon ya fito da duhu-duhu, in ka ci da rana sai magariba ka tuna da yunwa. Miya kuka ce ko kuɓewa ko karkashi, da daddawar kalwa, mai ɗan kaɗan a bakin ludayi. Da safe ɗumame. Da damina ga tafasa ga rama ga zogale, a kwaɗa da ƙuli. Abin marmarinmu goruba, ɗinya, kanya, magarya, aya. Shinkafa sai sallah. Yanzu fa? Jikokina in tuwo bai yi fari fat kamar alli ba ba sa ci. An kai inji an cire dusar kaf an ba akuya. Safe burodi da shayi, rana taliya, dare indomi. A gidanmu na da mutum ashirin, mai teɓa ɗaya ce, kakarmu, ita ma don ta daina zuwa gona.

Auwal:
Goggo wallahi kin yi karatun da wasu suka ci digiri da shi. A 2010 wasu masana daga Italiya suka je wani ƙauye a Burkina Faso mai suna Boulpon, suka gwada bakteriyar hanjin yara 14, suka kwatanta da ta yara 15 na birnin Fulorans. Abincin yaran ƙauyen shi ne wanda kika lissafa: gero, dawa, wake, ganye. Aka samu hanjinsu cike da wani iri da ake kira Prevotella, gwanin cin zaren abinci, wanda kusan babu shi a yaran Italiya. Ire-iren bakteriyarsu sun fi yawa, sinadaran nan masu amfani ma sun fi yawa. A nan gida ma, a 2018 an fitar da bincike kan Bassawan karkara da mazauna biranenmu, aka ga irin wannan bambancin. Wato abin da Turawa ke nema a kafso mai tsada, yana cikin turmin Goggo.

Baba Manu:
Yaro, ina da tambaya. Shekara 30 ina turke raguna ina kaiwa kasuwar Alƙaleri da Mararrabar Liman Katagum gabanin layya. Da me nake ƙiba su? Dusa da ƙaiƙayi da harawa da kowar wake. Yanzu ku ce mutum ya ci dusa ya rame? Rago ya ci ta ya yi kitse, Maman Sadiq ta ci ta ta zube? Wannan lissafin bai hau ba.

Babangida:
Baba Manu ya kashe boko! Auwal fito.

Auwal:
Baba, tambayarka ta fi duk abin da na rubuta. Amsar tana cikin tumbin ragon. In kun yanka kun ga ƙaton tumbin nan mai kamar tawul, cike da ciyawa mai ɗumi da wari? To randa ce ta tsimi. Cikin rago kashi huɗu ne, kuma bakteriyarsa a farkon hanya suke, abinci na sauka su ke fara tarbarsa. Rago da kansa ba ya iya narkar da harawa, su ke narkar masa, kuma kusan kashi 70 cikin 100 na ƙarfin da yake samu daga abin da suka tsimar ne. Mu namu a ƙarshen hanya suke, wurin kuma ƙarami ne, abin da muke samu ta wajensu bai cika wuce kashi 10 cikin 100 ba. Don haka dusa ga rago abinci ce cikakkiya, ga mutum kuwa cika ciki take yi, ta rage saurin shigar sukari jini. Sinadaran da bakteriya ke fitarwa daga ita kuma suna taɓa bangon hanji ya saki wasu homon, wato sinadarai masu kai saƙo a jiki, da ke gaya wa ƙwaƙwalwa an ƙoshi. Ɗaya daga cikinsu, GLP-1, shi ne alluran rage ƙiba irin su Ozempic ke kwaikwayo.

Sannan Baba, ragon naka a turke yake, ko kana barin sa yawo?

Baba Manu:
A turke mana. In ya yi yawo ai naman zubewa yake.

Sista Rabi:
To Anti ma a turke take, a gaban keke.

Maman Sadiq:
Rabi za mu haɗu a gidan suna.

Malam Kabiru:
Ni tambayata daban ce. Na yi shekara shida ina fama da olsa, ina kilo 60. Aka yi min gwaji aka ce akwai ƙwayar cuta a tumbina, aka ba ni magani kala uku na mako biyu. Alhamdu lillahi ciwo ya tafi. Amma cikin shekara ɗaya na ƙara kilo tara, duk rigunana sai da aka buɗe su. Ita ma tana cikin waɗanda ake magana?

Auwal:
Malam, taka ita ce ta tumbi ta gaskiya, Helicobacter pylori, ɗaya daga cikin 'yan ƙalilan da ke jure tsamin wurin. Da likitoci sun ɗauka damuwa da yaji ke kawo gyambon ciki. Wasu likitoci biyu a Ostireliya, Barry Marshall da Robin Warren, suka gano ta a 1982, aka ƙi yarda da su. A 1984 Marshall ya kaɗa ta a kofi ya shanye, cikin 'yan kwanaki ya fara amai, aka leƙa tumbinsa aka ga ya kumbura. Sun samu kyautar Nobel a 2005. Kusan rabin mutanen duniya suna ɗauke da ita, a Nijeriya kuwa wani ƙiyasi na 2017 ya kai mu sama da kashi 80 cikin 100, yawanci ba tare da ciwo ba. An lura wasu suna ƙara nauyi bayan an kashe ta. Tumbi ne ke yin homon ɗin yunwa mai suna girelin, wanda aka gano a Japan a 1999, kuma wasu bincike sun nuna yana ƙaruwa in tumbi ya warke. Amma akwai bayani mafi sauƙi: shekara shida kana tsoron abinci, yanzu kana ci ba fargaba.

Malam Kabiru:
Wannan gaskiya ne. Da ko ƙamshin tsire na ji sai in canza hanya. Yanzu mai tsiren bakin titinmu ya san sunan 'ya'yana.

Sista Rabi:
Kada dai wani ya ji haka ya ce zai bar ta a ciki don kada ya yi ƙiba. Tun 1994 hukumar binciken ciwon daji ta duniya ta sa ta cikin abubuwan da ke kawo ciwon dajin tumbi. In tana ba ka ciwo, a kashe ta.

Baba Manu:
To nono fa? Mu Fulani da kindirmo muka tashi, ba ka cika ganin mai teɓa a ruga ba.

Babangida:
Baba ai mai bin shanu daga Alƙaleri zuwa Mambila a ƙafa ko mai ya sha ba zai yi teɓa ba.

Auwal:
Duka biyun kuna da gaskiya. Kindirmo akwai bakteriya masu rai a ciki, su ke tsinkar da madarar ta yi tsami. A Jami'ar Stanford a 2021 an ba mutane abinci mai tsami irin su yogot na mako goma, ire-iren bakteriyar hanjinsu suka ƙaru, alamun kumburi a jini suka ragu. Mutum 36 ne kacal a gwajin, kuma ba a ce sun rame ba. Sharaɗi biyu: a tafasa madarar kafin a kwantar, saboda tarin fuka da bakkale suna bi ta ɗanyar madara, sannan kada a dama fura a juye mata sukari rabin gwangwani. Na roban nan na shago mai zaƙi kamar alewa, shi da lemo ɗan juma ne da ɗan jummai.

Wani abu da ba a cika faɗa ba, maganar ba ta tsaya kan ƙiba ba. Su Gordon ɗin sun yi gwaji da tagwaye a Malawi, ɗaya mai tamowa ɗaya lafiyayye, ɓerayen da aka sa wa bakteriyar mai tamowa suka rame a kan abincin ƙauyen. Daga nan suka haɗa wani abinci a Bangaladash da gyaɗa, waken soya, ɗanyar ayaba da wani wake na can, don ya gyara hanjin yara, kuma yaran sun fi saurin ƙara nauyi. Mu nan da muke da tamowa a Ningi da Gamawa, teɓa kuma a GRA, mu ya kamata mu fi kowa bibiyar wannan.

Babangida:
Na sauko rabi. Amma tambaya ɗaya. In ana ɗaukar su daga jikin wani, shekara tara Anti na gida ɗaya da amarya, kwano ɗaya, randa ɗaya, me ya hana na amaryar su tsallako?

Auwal:
Mutanen gida ɗaya suna musayar su kam, an tabbatar. Kuma a gwajin tagwayen nan an haɗa ɓeran ƙiba da siriri a keji ɗaya. Na siririn suka tsallaka suka zauna a hanjin ɗayan, bai yi kitsen ba. Amma da sharaɗi: sai in abincin kejin mai ganye da 'ya'yan itace ne, mai ƙarancin kitse. Da aka canza musu zuwa mai maiƙo marar ganye, baƙin suka kasa zama. Ko sun zo, in ba su tarar da abincinsu ba ba sa kwana. Kuma canjin ba ya jira, an ga hanjin mutum ya fara sauyawa cikin kwana biyu zuwa uku da sauya cima.

Sista Rabi:
Anti tunda tef na wuyanki, auna tsawonki, ki auna ƙugunki daidai cibiya. In ƙugun ya wuce rabin tsawon, kitsen ciki ya yi yawa. Ki zo a duba miki sukari da hawan jini, ki zo ba ki karya ba. In akwai yawan kasala da jin sanyi ki faɗa wa likita a duba tayirod, ƙullin nan na maƙoshi da ke kawo maƙoƙo in ya kumbura. Lemon nan ki mayar da shi zoɓo marar sukari ko ruwan randa.

Maman Sadiq:
Na auna. Tsawo inci 63, ƙugu 41. Inna lillahi. Zan zo Litinin in sha Allah. Kuɗin maganin kuma gero zan saya da su a Muda Lawal. Goggo gobe girkina ne, yaya zan yi tuwon dawar nan kada Alhaji ya ce na ba shi ƙasa?

Goggo Talatu:
Kada ki yi masa ba-zata. Ki ce wa mai inji ya surfa sama-sama, ki haɗa da masara rabi da rabi tukuna, in sun saba ki riƙa rage masarar. Miyar kuka ki sa daddawa da busasshen kifi. Waken ma kada ki wanke ɓawon in za ki yi fate. Kwana ukun farko ciki zai yi ta ƙugi, kada ki ji tsoro.

Maman Iklima:
Salamu alaikum. Yaya ina cikin zauren nan fa, ke kika sa ni da kanki bara. Tun safe nake karantawa. Masa bakwai nake ci ba goma ba. Kuma kullum a ƙafa nake zuwa makarantar da nake koyarwa in dawo, kina ce min rowar kuɗin Keke Napep ce. Ba ki kuma faɗa musu soyayyar taliyar da kike yi ƙarfe sha ɗayan dare in ɗinki ya yi yawa ba.

Babangida:
Wayyo cikina!

Maman Sadiq:
Admin don Allah yaya ake goge saƙo bayan ya wuce awa shida?

Maman Iklima:
Bar shi Yaya. Ki sayo geron da dawar, ni zan kai inji da yamma, hanyata ce. Amma a ƙafa za mu je, tare.